Takalmin jaki ko na alfadari: yadda masana ke tantance tsohon ƙarfe, da abin da ƙasar Kudancin Kaduna za ta iya nunawa

Kudancin Jihar Kaduna yana daga cikin yankunan da ƙasa ta fi yawan fito da kayan mutanen dā a Najeriya. Manomi yana huɗa a gefen Kafanchan ko Kwoi, ko magini yana haƙa harsashin gida, sai garma ko diga ta ci karo da tsingaro, ko dutsen niƙa, ko kashin maƙera, wani lokaci ma har da guntun mutum-mutumin yumɓu. Idan a cikin irin waɗannan tarkace aka tsinci wani lanƙwasasshen ƙarfe mai huji-huji wanda tsatsa ta ci, zato na farko da zai zo wa mai tsintuwa shi ne takalmin doki ne. Idan kuwa ƙarfen ƙarami ne, zai ce na jaki ne, kuma daga nan hankali zai tafi ga fataken da suka riƙa ratsa yankin da ayarin jakuna tun kafin zuwan Turawa.

Wannan zato yana da daɗin ji, amma masu binciken kayan tarihi na ƙarƙashin ƙasa ba sa karɓarsa da sauri. Rarrabe takalmin jaki da na alfadari da na ƙaramin doki yana daga cikin ayyuka masu wuya a fanninsu, ko da a ƙasashen Turai inda ake tono irin waɗannan ƙarafa da yawa. A Arewacin Najeriya kuwa akwai tambayar da ta riga wannan: shin jakunan fatake sun taɓa sa takalmi?

Asalin takalmin ƙarfe

Kofato yana tsirowa ne kamar farcen mutum, tafiya kuma tana cinye shi. Muddin abin da ke tsirowa ya yi daidai da abin da ƙasa ke ci, dabba ba ta buƙatar komai. Matsala tana zuwa ne inda ƙasa ke da danshi kullum har kofato ya yi laushi, sannan a ɗora wa dabba kaya ta bi hanyar da aka shimfiɗe da duwatsu. Haka lamarin yake a arewacin Turai. Rumawa sun riƙa ɗaura wa dabbobinsu wani faifan ƙarfe da igiya ko fata, ana cirewa idan buƙata ta wuce. Takalmin da ake kafawa da ƙusa kuwa, shaidarsa tabbatacciya ta fara yawa ne daga ƙarni na 9 zuwa na 10 Miladiyya. Littafin dabarun yaƙi na Sarkin Rumawan Gabas Leo na Shida, wanda aka rubuta wajen shekara ta 900, ya lissafa ƙarafa masu siffar jinjirin wata da ƙusoshinsu a cikin kayan mayaƙan doki.

Zamanin da masana tarihin Turai ke kira zamanin tsakiya, wato daga ƙarni na 5 zuwa na 15, ya bar takalma masu ɗimbin yawa a ƙarƙashin birane. A 1995 Gidan Tarihi na Landan ya fitar da wani littafi a kan dokin wancan zamani da kayansa, wanda John Clark ya tsara, inda aka kasa takalman da aka tono a birnin gida huɗu bisa siffarsu da shekarunsu. Mafi saukin ganewa su ne na ƙarni na 11 zuwa na 13: sirara ne, gefensu na waje yana da lanƙwasa-lanƙwasa, domin maƙeri yana huda gurbin kan ƙusa a jikin siririn ƙarfe mai zafi, sai gefen ya bulluƙo waje a daidai kowane huji. Yawanci huji uku ne a kowane ɓangare. Daga ƙarni na 13 takalma suka ƙara faɗi da nauyi, gefen ya miƙe, daga baya kuma hujin ya koma mai kusurwa huɗu ba tare da gurbin kan ƙusa ba.

Wannan jeri yana taimakawa wajen sanin shekarun ƙarfe. Sanin dabbar da ta sa shi wani aiki ne daban.

Kofato ne ke tsara takalmi

Maƙeri yana bin siffar ƙafar dabba ne, saboda haka mai bincike yakan fara da sanin kofaton. Kofaton gaba na doki kusan kewayayye ne, faɗinsa da tsawonsa sun yi kusa da juna. Na baya ya ɗan fi tsini a gaba, ya kuma fi matsewa. Kofaton jaki ƙarami ne, matsattse, a tsaye yake fiye da na doki, gefensa biyu kuma suna tafiya kusan a miƙe daga gaba zuwa dunduniya. Idan aka ɗaga ƙafar aka dubi tafinta, za a ga siffar harafin U na boko. Alfadari, wanda ubansa jaki ne uwarsa goɗiya, ya ɗauko girman jiki daga wajen uwa, amma ƙafarsa ta fi karkata ga ta uba: doguwa, matsattsiya, a tsaye.

Daga nan alamun suke fitowa. Takalmin alfadari tsawonsa ya fi faɗinsa a fili, rassansa biyu suna tafiya kafaɗa da kafaɗa maimakon su zagayo su nufi juna a dunduniya kamar na doki, sau da yawa ma ƙarshensu yakan ɗan buɗe waje. Na jaki siffarsa ɗaya da wannan, sai dai ya fi ƙanƙanta da rashin nauyi, ƙusoshinsa ma ƙanana ne. Mai bincike yakan auna tsawo da faɗi, ya duba inda ƙarfen ya fi faɗi, ya ƙirga huji, ya lura da inda ya fi cinyewa. Da yake tsatsa takan toshe huji ta kuma kumbura gefe, akan ɗauki hoton ƙarfen da irin na'urar da asibiti ke ɗaukar hoton ƙashi da ita, sai ainihin siffarsa ta bayyana a ƙarƙashin tsatsar.

Wuraren da ake yin kuskure suna da yawa, kuma a nan ne aikin ya fi buƙatar haƙuri. Babban tarko shi ne ƙanƙantar dawakin wancan zamani. Wani bincike da masana na Jami'ar Exeter suka jagoranta, wanda aka wallafa a 2021, ya auna ƙasusuwan dawaki kusan 2,000 daga wurare 171 a Ingila, na tsakanin shekara ta 300 zuwa 1650, ya gano cewa mafi yawansu ba su kai mita 1.48 daga ƙasa zuwa doron kafaɗa ba. Takalmin ƙafar baya na irin wannan ƙaramin doki, idan ya cinye ya kuma matse saboda nauyin ƙasa, yana iya kama da na alfadari ƙwarai. Ƙanƙanta kaɗai ba hujja ba ce.

Sai takalmin shanu. A Turai an riƙa sa wa shanun huɗa da na jan amalanke ƙarfe, amma da yake kofaton saniya a rabe yake, kowace ƙafa ƙarfe biyu take ɗauka, kowanne kamar rabin wata mai faɗi, da huji a gefe ɗaya. Wanda bai sani ba zai ɗauka karyayyen takalmin doki ne. Akwai kuma salon ƙasashen Larabawa da Turkawa, inda takalmin faifai ne da ke rufe kusan dukkan tafin kofato, da rami a tsakiya. Wannan ba ya shiga jerin Landan ko kaɗan. Na ƙarshe, wanda ya fi shafar Najeriya, shi ne ƙarfen dundunniyar takalmin mutum. Manyan takalman sojoji da na ma'aikata a ƙarni na 19 da na 20 suna da ƙarfe mai siffar U a dunduniya, girmansa bai yi nisa da takalmin ƙaramin jaki ba. Bambancinsa shi ne ya fi siranta da daidaito, hujinsa ƙanana ne na ƙusar baduku, sun kuma bi zagayen ƙarfen a jere.

Saboda waɗannan dalilai, masani mai taka-tsantsan yakan rubuta cewa ƙarfe ya fi kama da na alfadari, ba ya yanke hukunci sai ya ga ƙashi ko haƙori a kusa. Wannan taka-tsantsan ya dace, domin ɗan ƙarfen yana ɗauke da babban zance. Alfadari ba ya haihuwa, sai an haɗa jaki da goɗiya da gangan kafin a same shi, don haka ganinsa a wuri alama ce ta kiwo mai tsari ko kasuwanci mai nisa. A zamanin tsakiya ya yawaita a Sifen da Italiya da kudancin Faransa, ya yi ƙaranci a Ingila. Kuskure ɗaya a kan ƙarfe ɗaya yana iya sa a zana hanyar fatauci inda babu ita.

Jakunan fatake da hanyar kudu

Cewa jakuna sun bi ta Kudancin Kaduna ba abin shakka ba ne. Sunan Zangon Katab kansa shaida ne, domin zango shi ne inda ayari ke sauke kaya ya kwana. Hanyoyin da suka fito daga Kano da Zariya sun gangara ta Kauru da Kajuru da ƙasar Katab zuwa Jama'a, daga can su nufi Keffi da Lafiya da gaɓar Binuwai. A 1827 Baturen nan Richard Lander, bayan rasuwar maigidansa Hugh Clapperton a Sakkwato, ya bi wannan hanya daga Kano, ya ratsa ƙasar Katab ya isa Daroro, inda mahaya daga Zazzau suka tarar da shi suka mayar da shi arewa. Ta waɗannan hanyoyi aka riƙa kai kanwa da gishiri da tufafi da dabbobi kudu. Ta nan kuma aka riƙa kora bayin da aka kamo daga al'ummomin yankin zuwa arewa, abin da jikokinsu ba su manta ba.

Fataucin nesa ya daɗe a ƙasar Hausa. Tarihin sarakunan Kano ya ambaci buɗe hanya daga Barno zuwa Gwanja a zamanin Sarki Abdullahi Burja, a ƙarni na 15, kuma a ƙarnonin da suka biyo baya jaki da takarkari da ɗan dako su ne suka ɗauki nauyin wannan fatauci. Harshen Hausa ya adana shaidar kusancin: akwai auraki da duna da idabari a sunayen launin jaki, akwai akumari da mangala da taiki a kayansa, akwai madugu da jagaba a shugabancin ayari. Maƙera kuma sun ƙware a linzami da likkafa da sauran kayan doki.

A duk wannan jeri babu takalmi. A al'adar Afirka ta Yamma ba a saba kafa wa doki ƙarfe a kofato ba, balle jaki, kuma har yau jakin da ke ɗaukar yashi ko itace a Kano da Katsina da Sakkwato da kofatonsa yake tafiya. Dalilin a fili yake. Jaki dabbar busasshiyar ƙasa ce. Wani babban bincike kan ƙwayoyin halittarsa da aka wallafa a 2022 ya nuna cewa a gabashin Afirka aka fara mayar da shi dabbar gida, kimanin shekara 7,000 da suka wuce. Kofatonsa yana da tauri muddin yana bushe, hanyoyin ƙasar Hausa kuma rairayi ne da jar ƙasa. Danshi ne abokin gabarsa, domin kofaton jaki ya fi na doki shan ruwa da saurin lalacewa a cikin laka. Wannan, tare da cikar rafuka da ƙudan tsando mai kawo sammore, shi ya sa ayari ya fi tafiya da rani. Takalmin ƙarfe ba zai magance ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Abin da wannan ke nufi shi ne, idan aka tsinci takalmin ƙarfe a ƙasar Jama'a ko Jaba ko Kaura, hankali ya fara tafiya ga zamanin Turawa kafin ya tafi ga na fatake. A 1927 aka haɗe layin dogo na gabas da ya taso daga Fatakwal da na Kaduna, aka kuma fitar da reshe zuwa Jos, Kafanchan ta zama mahaɗa. Kafin nan kamfanonin haƙar kuza sun riga sun bazu daga Filato zuwa ƙasar Jama'a da Nok. Jami'an mulki masu rangadi a kan doki, da ma'aikatan jirgi, da na kuza, da sojoji, duk sun bar tarkacensu. Ƙarfen kansa yakan tona asirin shekarunsa. Kwarmin da ke bin layin huji bai zama ruwan dare a Turai ba sai bayan zamanin tsakiya. Ɗan harshen da ke tasowa a gaba ya riƙe kofato ya yaɗu ne a ƙarni na 19. A 1835 kuma Henry Burden ya yi rajistar injin ƙera takalman doki a Amurka, daga nan takalma masu kauri ɗaya da huji a jere daidai-wa-daida suka cika kasuwannin duniya. Ƙarfen da ke da waɗannan alamu bai ga zamanin Burja ba.

Inda shaidar jaki take

Mai neman jakin dā a Najeriya haƙori da ƙashi zai nema. A haƙoran tauna na ƙasa akwai wani kwari a ɓangaren harshe, wanda a jaki yake da tsini kamar harafin V, a doki kuma yake da faɗi kamar U. A haƙoran sama, doki yana da wata 'yar lanƙwasa a farin ɓawon haƙori wadda yawanci jaki ba shi da ita. Ƙasusuwan ƙafar jaki sun fi siranta. Alfadari kuwa a nan ma yana wahalar da masana, domin ya ɗebo daga kowane gida, shi ya sa gwajin ƙwayoyin halitta ya fi raba gardama a kansa. Ƙashi yana iya faɗin har irin aikin da dabba ta yi: jakuna goma da aka tono a Abidos ta ƙasar Masar, waɗanda aka binne kusa da makwancin wani sarki kimanin shekara 5,000 da suka wuce, gaɓoɓinsu da ƙashin bayansu sun nuna lalacewar da ɗaukar kaya mai nauyi ke haifarwa.

Sai dai ƙasar Kudancin Kaduna ba ta riƙe ƙashi. Masanan Jami'ar Goethe ta Frankfurt, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Peter Breunig, waɗanda suka fara aiki a kan al'adar Nok a 2005 tare da Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa, suka kuma kafa sansaninsu a Janjala cikin Ƙaramar Hukumar Kagarko, sun tarar ƙasar tana da tsami har ta narkar da ƙasusuwa. Sun sami ƙonannen gero da wake, sun sami tukwane da ƙarfe, a 2021 ma an sanar da gano ragowar kakin zuma a jikin tukwanen Nok. Dabbobin da mutanen suka kiwata kuwa, ƙasa ta cinye shaidarsu. Gaskiya ne al'adar Nok ta girme wa zamanin fatake nesa ba kusa ba, domin ta faro ne wajen shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ta kuma shuɗe a farkon ƙarnin Miladiyya. Amma ƙasar ita ce dai, kuma tsaminta bai san zamani ba. Wurin da ƙashi ya fi samun tsira shi ne tsohon juji mai yawan toka, domin toka tana kashe tsamin ƙasa. Tsofaffin zanguna da kufai da bayan ganuwa su ne wuraren da suka cancanci a tona da natsuwa.

Tarihin gano Nok kansa darasi ne a kan muhimmancin wurin da aka sami abu. A 1928 aka fara cin karo da mutum-mutumin yumɓu a wajen haƙar kuza kusa da ƙauyen Nok. A 1943 wani kan yumɓu da aka samu a ƙasar Jama'a, wanda aka kafa a gonar doya don korar tsuntsaye, ya isa hannun Bernard Fagg a Jos, shi kuma ya gane cewa su biyun aikin al'ada ɗaya ne. Amma da yake kayan sun fito ne daga cikin yashi da tsakuwar da ruwa ya kwaso ya cakuɗa, an daɗe ana fama da tantance shekarunsu, sai da tonon Taruga a shekarun 1960 ya fito da matoyar narkar da tama da gawayi a inda masu su suka bar su. Ƙarfe ya fi yumɓu buƙatar wannan kulawa, domin yawanci maƙwabtansa ne ke faɗin shekarunsa: gawayin da ke shimfiɗar ƙasa ɗaya da shi, salon tsingaron da ke gefensa, ko tukunyar taba. Taba daga nahiyar Amurka ta fito, saboda haka duk shimfiɗar da aka sami tukunyar shanta a Afirka ta Yamma ba ta wuce wajen shekara ta 1600 a tsufa ba. Da zarar an ciro ƙarfe an goge shi an kai kasuwa, duk waɗannan shaidu sun tafi.

A Ingila da Wales akwai wani tsari da aka fara a 1997, wanda Gidan Tarihi na Birtaniya ke jagoranta a Ingila, inda masu tsintuwa ke kai abin da suka samu a rubuta siffarsa da ma'auninsa da wurin da aka same shi. Irin wannan rajista ce ke ba masana damar gwada ƙarfe ɗaya da ɗaruruwan 'yan uwansa. A Najeriya, doka mai lamba 77 ta 1979 ta ɗora kula da kayan tarihi a kan Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, ta haramta tono ba da izini ba da kuma fitar da kayan waje ba da takarda ba. Yankin Nok ya sha fama da masu tonon sata, waɗanda ke ɗauke yumɓu mai tsada su watsar da ƙarfe da tsingaro da gawayi, wato ainihin abubuwan da ke bayar da labari.

Wanda ya ci karo da irin wannan ƙarfe a gonarsa, abin da ya fi amfani shi ne ya ɗauki hotonsa a inda yake kafin ya ɗaga shi, ya ajiye wani abu sananne kamar kwabo ko biro a gefensa domin girmansa ya fito, ya lura da zurfin ramin da abin da ke tare da shi. Kada a kankare tsatsar ko a wanke da ruwa ko a shafa mai. A ajiye shi a busasshen wuri cikin takarda. Gidan tarihi na ƙasa da ke garin Nok a Ƙaramar Hukumar Jaba, da na Kaduna, da na Jos wanda aka buɗe a 1952, da kuma sashen nazarin kayan tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, su ne wuraren da suka fi kusa da mazauna Kafanchan da kewayenta.